Allurar Motar Mushe

Maraɗi, 5 ga Maris, 1956

Takarda ta fito daga hannun Alhaji Lado ɗan Mahmudu, mai sayen gyaɗa a Maraɗi, zuwa ga ƙanensa Rabe makaniki, bakin kwastan, Jibiya. Gaisuwa irin ta addinin Musulunci.

Bayan haka, ka san ba sabona ba ne in rubuto maka, kuma ba kewarka ce ta sa ni ba. Maganar Inna ce. Likitan ido da ya zo rangadi ya duba ta, ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu ne ke da sauran rai, shi ma yana kan hanya. Ya ce a kai masa ita asibitinsa a Kano ya yi mata aiki, kada a wuce Alhamis 29 ga wannan wata, don washegari zai tafi ƙasarsu hutu, sai bayan damina. In aka wuce ranar, ya ce kada a zo masa da kuka.

Kamiyo kuwa, wato lori, Inna ba ta iya shiga. Wancan karon da ta hau ta je sunan ɗiyarka, wata guda ta yi kwance da ciwon ƙugu, kai ko leƙe ba ka zo ba.

To akwai wani Mushe, Bafaranshen kamfanin gyaɗa, zai koma gida, yana sayar da motarsa. Baƙa ce, doguwa, kujerun fata, har da labule a taga. Tun kafin yaƙi aka ƙera ta, an ce wani babban kwamanda ne ya fara hawanta. In Inna ta kwanta a baya ba za ta san ana tafiya ba. Abin da ya tsaya mini a rai guda ne: mutane suna cewa tana zafi. Bawa direbana ya ce bai taɓa ganin Mushe ya fita da ita ba sai da garwa biyu ta ruwa a baya, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mushe ya yarda Bawa ya kawo maka ita ran Lahadi ka duba. Shekara goma ke nan kana cika mana baki da takardar da Ingilishi suka ba ka a yaƙin Bama. Ka gudu ka shiga soja ba da izinin Baba ba, har aka binne shi ba ka nan, ka dawo ka ce ilmi ka je nema. To ga ranar ilmin ta zo. Ka duba ta, ka faɗa mini in saya ko in bari. Ban tambaye ka wani abu ba bayan wannan.

Haza wasalam.
Alhaji Lado

Jibiya, 12 ga Maris, 1956

Zuwa ga Yaya Alhaji Lado. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da kai da iyali. A gaishe mini da Inna da Yaya Barira.

Na ga takardarka, na kuma ga ƙayar da ka cusa a ciki. Maganar Baba ka bar ta ta kwanta, Allah kaɗai ya san wanda ya fi kuka tsakanin wanda ke bakin kabari da wanda ke bakin daga.

Da ka ce motar Mushe, na ɗauka mushen mota za a jawo mini. Ashe kuwa ta amsa sunanta mota. Jiya kasuwar Jibiya kusan watsewa ta yi, har ’yan kwastan suka bar shinge suka zo shafa kujeru. Tsohuwa ce, amma tsufan mai hali.

Ga abin da na samu. Tiyon da ke kai ruwa daga lagireto zuwa inji ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Nan ruwan ke bi. Makanikan Faransa da kuke taƙama da su shekara nawa suna kallonsa, sai dai su ce wa Mushe ya ɗauki garwa. Na sa sabo, na ɗaure fanbel, na wanke lagireto.

Maganar zafi kuwa, bari in koya maka abin da ba a koyo a kan buhun gyaɗa. A gaban direba akwai ɗan agogo mai allura, shi ke faɗin zafin ruwan inji. Sajen da ya koya mana aiki a soja ya sa mun haddace shi kamar karatun allo: ruwa ba ya tafasa sai allura ta kai ɗari biyu da goma sha biyu. Lorin soja a ɗari da tamanin yake yini yana tafiya, lafiya lau. Yau da sassafe na tuƙa motar nan zuwa Daddara na dawo. Allura tana casa’in da biyar, da na taka ta sosai ta ɗan taɓa ɗari. Ko rabin tafasa ba ta kai ba. Lambobin agogon ma a ɗari da ashirin suka ƙare, ka ga masu ƙirar sun san ba ta da inda za ta je.

Bawanka ya ɗora hannu a kan lagireto ya fizge, wai, “Wagga ko ƙwai anka aza mata sai shi dahu.” Na ce masa hannun tsoho ba ma’auni ba ne. Mutumin da bai san bambancin bakwai da tara a rubuce ba, shi zai yi gardama da agogo?

Ka saya. In kuwa tsoro ne ya hana ka, ka faɗa, kada ka laɓe a bayan zafi.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Rabe, tsohon kofur

Maraɗi, 19 ga Maris, 1956

Daga Alhaji Lado zuwa ga Rabe. Gaisuwa.

Na saya, bisa maganarka. Inna ta shiga ta zauna, ta shafa labule, ta yi ta sa albarka, kuma na gaya mata kai ka duba, don ni ba na cin haƙƙin mutum ko da ba shi da kunya.

Takardun fita da mota suna hannun duwan, wato kwastan ɗinmu na nan, sun ce sai Talata 27. Ke nan ba mu da rana sai Laraba, mu kwana Kano, Alhamis mu ga likita. Ba sauran kwana ko ɗaya na ɓatarwa.

Bawa har yanzu bai kwantar da hankali ba. Ya ce a hanyarsa ta dawowa daga wurinka ya ji ƙamshin ƙarfe mai zafi. Yana son mu tashi da garwa huɗu, mu riƙa tsayawa kowane gari ta huce a ƙara mata ruwa. In aka bi tasa, kwana biyu ba mu kai Kano ba, likita kuwa ya tafi. In aka bi taka, ban san abin da za a tarar ba. Shekara ashirin Bawa yana tuƙa mini kamiyo bai taɓa kwana da ni a daji ba. Kai kuwa abin da na sani game da kai shi ne ka iya tafiya ba sallama.

Ka faɗa mini ƙarara, a tsaya ko kada a tsaya. Idon uwarka ne, ba wasan baki ba.

Wasalam.
Alhaji Lado

Jibiya, 22 ga Maris, 1956

Yaya Alhaji, gaisuwa.

Kada a tsaya. Ku cika lagireto a gida, ku cika tanki, Bawa ya sa ƙafa har Kano. Ƙamshin da ya ji na sabon tiyo ne. Muddin allura tana cikin lambobin agogon nan, ba abin da zai same ku.

In motar nan ta tafasa, ka zo da kanka ka kwashe sifanonina ka zuba a gulbi, in koma tallan goro. Na rubuta na sa hannu, ka ajiye takardar.

Zan tare ku a shingen Magama in gaishe da Inna, daga nan zan wuce hanyar Zurmi, akwai lorin da ya karye yana jirana.

Sai kun zo.
Rabe

Maraɗi, 31 ga Maris, 1956

Daga Alhaji Lado zuwa ga Rabe. Sallama don Musulunci, ba don kai ba.

Na neme ka a garejinka ba ka nan, kuma Allah ne ya yi maka gyaɗar dogo, don da na same ka ran Laraba da yanzu ɗayanmu yana hannun alƙali.

Ka tuna a Magama, da ka leƙo ta taga kana gaishe ta? Ta kama hannunka ta ce, “Auta, wagga mota kuka takai irin na tukunya in ruwa za ya tahwasa.” Ka yi dariya, ka leƙa agogonka, ka ce, “Inna, ke da ba ki gani sosai, bar mu da agogo.” Ni ma na yi dariya, kuma wannan dariyar ba zan yafe wa kaina ita ba.

Muna fita Jibiya Bawa ya roƙe ni mu tsaya. Na zaro takardarka na kaɗa masa a fuska. Mun wuce Daddara kaɗan, rana tana tsaka, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tururi ya turnuƙe gaban mota. Bawa ya buɗe murfi, ruwa ya watso masa, hannunsa na dama ya saluɓe har gwiwa. Inji ya mutu, mutuwar da ba tashi.

Wurin ba inuwa sai wata ’yar aduwa da ko akuya ba ta isa ba. Cikin motar kamar tanda. Daga azahar har la’asar sakaliya Inna tana zaune a ƙasa, Barira tana yi mata laima da mayafi, ba motar da ta gifta mai zuwa Katsina. Wadda ta zo daga baya Jibiya ta nufa, kuma kafin nan Inna ta fara sambatu, jikinta kamar garwashi. Muka kai ta ɗakin shan magani na garinku. Da gari ya waye, ranar Alhamis ɗin da ya kamata a ce tana gaban likita, ta ce a mayar da ita ɗakinta, in mutuwa ce ta same ta a can. A gaban kamiyo muka maido ta, kamiyon da na sayi mota don kada ta hau.

Likita ya tafi jiya.

Na yi ta juya abin nan a raina. Mai takardar Bama ba zai kasa gane mota mai zafi ba, abin da tsohuwa mai ido ɗaya ta gane da kunne. Saboda haka da gangan ka yi. Ka ga yayanka zai shiga Kano a motar kwamanda, a ce shi ya kai uwarsa, kai kana nan cikin baƙin mai, zuciyarka ta kasa ɗauka. Ka so ka kunyata ni, sai ka haɗa da idon Inna.

Kada ka tako gidana. Na gaya wa masu zaman zaure.

Alhaji Lado

Jibiya, 3 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Alhaji Lado. Amsar sallama wajibi ce, na amsa.

Ka ce da gangan na yi wa uwar da ta haife ni. Wannan magana na bar ka da Allah, sai mun tsaya gabansa. Tun ina yaro ba ka taɓa ganin abu ya lalace a gidanmu ba ka ce ba ni ba ne.

Ina dawowa na je inda motar take, na sa aka jawo ta gareji. Kan inji ya tsage, gaskiya ne. Amma na duba agogo da idona: allura ta maƙale a ɗari da ashirin. Ɗari da ashirin, Alhaji! Ruwan wankan jego ya fi haka zafi. Ka je ka tambayi duk direban da ke ɗaukar gyaɗa daga nan zuwa Kano, in ɗaya ya ce maka ruwa yana tafasa a nan, na yarda ni ɗan iska ne.

Ka tambayi Bawanka abin da ya yi mata a ɓoye. Mai son garwa irinsa, ina tabbatar maka ya faki idonku a Magama ya kwara mata ruwan sanyi, ko kuma ya tashi bai duba baƙin mai ba. Ko ka tambayi Mushenka abin da ya sani bai faɗa ba, in jirgi bai riga ya tashi da shi ba.

Kuma wa ya zauna har ranar ƙarshe? Kai da kake cin abinci da manyan duwan, takarda ɗaya ta gagare ka mako biyu? Da ka tashi tun Lahadi, ko a jaki ne da Inna ta isa. Kana son ka shiga Kano da labule a taga, mutane su ce Alhaji ya iso, shi ya sa ka ƙi neman wata hanya.

Zan zo in ga uwata. Gidan ma na Baba ne kafin ya zama naka.

Rabe

Maraɗi, 8 ga Afrilu, 1956

Daga Barira ɗiyar Mahmudu zuwa ga ƙanena Rabe. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Mariyamu da yara. Mai rubutu na bakin kasuwa na sa ya rubuta mini, Alhaji bai sani ba.

Na ji hayaniyarku a zaure ran Alhamis da aka hana ka shiga. Inna ma ta ji. Ku biyu kun ba ni kunya, gemai-gemai da ku, kuna haushi kamar karnukan mahauta, ba wanda ya tambayi abin da ta ci.

Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi. Idon ne. Shekaranjiya da magariba ta ce mini, “Barira, ba ki kunna fitila ba?” Fitilar tana gabanta, har tana jin ɗuminta a fuska. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana na dawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ran Larabar da motar ta mutu, a Jibiya, malamin ɗakin shan magani ya sa mata ɗan tsinken gilashi a baki, ya zare ya duba, ya ce zafin jikinta ɗari da huɗu ne. Washegari a nan Maraɗi aka sa mata irinsa, jikin yana nan yadda yake, hannuna ne shaida, malamin nan ya ce arba’in. Abin ya tsaya mini. Jiya da na koma karɓar magani na ce masa, “Malam, tsakaninka da na Jibiya wa ke ƙarya?” Ya yi dariya ya ce ba mai ƙarya. Ya ce yadda kuɗin Faransa da na Ingila suka bambanta, da mudunsu, haka ƙidayar zafinsu. Arba’in ɗin nan ita ce ɗari da huɗun can. Na ce to ruwan tukunya fa? Ya ce a ƙidayar Ingilishi sai ɗari biyu da wani abu, amma a ta Faransa a ɗari cif yake tafasa.

Rabe, ni ban yi boko ba, amma ina nan zaune Alhaji ya karanta mana takardarka ta fari, kuma ban manta ba. Ka ce allura ta taɓa ɗari. Motar ta Bafaranshe ce, agogonta ma haka. Ashe tun a Daddara, kana ciki kana murna, ruwan yana tafasa a ƙarƙashinka.

Na san ba da gangan ka yi ba, kuma Alhaji ya zalunce ka da ya faɗi haka. Amma kai ma ka ɗora wa Bawa, bawan Allah yana kwance da hannu a naɗe, har Alhaji ya fara zancen sallamarsa saboda takardarka. Laifi tudu ne, ka taka naka kana hangen na wani.

Ban gaya wa kowa ba. Azumi ya ƙarato, ba na son ya same mu a haka. Na ba ka zuwa Juma’a. Ko Alhaji ya ji daga bakinka, ko ya ji daga nawa.

Allah ya shirye ku.
Yayarka, Barira

Jibiya, 11 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Yaya Alhaji Lado. Gaisuwa da ban girma.

Na goge gilashin agogon da tsumma. A ƙasan lambobin akwai wani ɗan harafi da ban taɓa kula da shi ba, ba irin na lorin soja ba ne. Na kai wa malamin ɗakin shan magani, ya tabbatar mini. Ƙidayar Faransa ce, kuma a cikinta ruwa a ɗari yake tafasa. Na karanta agogon Faransa da karatun Ingilishi.

Motar tana zafi tun ranar da aka kawo ta. Bawa ya yi gaskiya, Inna ta yi gaskiya. Ni na ce a saya, ni na ce kada a tsaya. Ba da gangan na yi ba, amma wannan ba zai mayar mata da ido ba. Kada ka sallami Bawa, ka roƙar mini shi gafara kafin in zo da kaina, in an bar ni.

Ga sifanonina nan a buhu na ba direban da ya kawo maka takardar nan. Gulbin Maraɗi ya fi kusa da kai.

Ka karanta wa Inna duka, kada ka tsallake komai.

Ƙanenka, Rabe

Maraɗi, 13 ga Afrilu, 1956

Daga Alhaji Lado zuwa ga Rabe. Gaisuwa, da barka da shan ruwa.

Buhunka na mayar maka, gulbi bai yi laifin da za a zuba masa ƙarfe ba. Kalmar da gangan na janye ta. Sauran ban janye ba.

Na karanta wa Inna, ban tsallake komai ba. Ta ce ita tun a Magama ta sani. Idon hagu ya ƙarasa rufewa ran Talata.

Ta ce ka zo ta shafa fuskarka, tun da gani ya wuce. Ni ban ce ka zo ba. Na dai gaya wa masu zaman zaure su tashi daga ƙofa.

Wasalam.
Alhaji Lado